Wayata za ta iya gane jabun kan sarki?

Tambaya: Malam, na gāji tsofaffin kan sarki daga mahaifina. Na ji ana cewa da hasken infirared ake gane na gaske da na jabu. Kyamarar wayata za ta iya, ko akwai manhajar da zan sauke?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Wayarka ba za ta iya ba, kuma duk manhajar da ta yi maka wannan alkawari, ka yi hattara da ita.

Gaskiya ne kyamarar waya tana hango wani ɓangare na wannan haske. Ka nuna mata bakin rimot ɗin talabijin ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa, alhali idonka bai ga komai ba. Sai dai wannan infirared na kusa ne, maƙwabcin jan launi. Wanda masu bincike suke aiki da shi ya fi shi tsawon zango nesa ba kusa ba, kuma idon kyamarar waya bai kai can ba sam.

Na'urar da ake amfani da ita ana ce mata FTIR. Ana ɗora kan sarkin a kan ɗan ƙaramin daimon, a danne shi, a haska. Kowane sinadari yana da zangon hasken da yake shanyewa, sai kwamfuta ta zana layi mai hawa da sauka, daga 4000 zuwa 400 a ma'aunin na'urar. Layin nan tamkar zanen yatsa ne. Shuɗin tawadar da ake kira shuɗin Furusiya, alal misali, yana fitowa da tsini siriri a wajen 2090. Allin da ake cakuɗawa a takarda yana bayyana a wajen 1400.

Ni inda ya fi burge ni shi ne bayan kan sarkin, wato gam ɗin. Da can ana yin sa da ƙaro, ko da sitaci, ko da gam na dabba. A Birtaniya sai a 1968 aka koma gam ɗin roba mai suna PVA. To, idan aka kawo maka wanda aka ce na zamanin Penny Black ne, kan sarki na farko mai gam da ya fito a 1840, na'ura kuma ta nuna PVA a bayansa, magana ta ƙare: ko dai jabu ne, ko wani ya sake shafa masa gam don ya ƙara masa daraja.

Amma ka lura, na'urar ta fi ƙarfi wajen ƙaryatawa. Idan kayan sun dace da zamaninsu, wannan bai tabbatar da sahihanci ba, domin mai jabu yana iya samo tsohuwar takarda. Wasu launukan ma'adinai ma ba sa fitowa da kyau, sai an haɗa da wasu gwaje-gwajen, kamar na Raman mai amfani da hasken leza, ko na XRF mai amfani da hasken X-ray. Sannan dannewar tana iya barin ɗan tabo, saboda haka ka tambaya kafin a taɓa mai daraja.

Tambaya: To wayar ba ta da amfani ke nan?

Amsa: Tana da shi. Ka ɗauki hoton gaba da baya a haske mai kyau, ka kusanto da haƙoran gefe da hatimin gidan waya su fito sarai, ka tura wa ƙwararre. Shi zai gaya maka wanda ya cancanci zuwa ɗakin gwaji. Kada ka riƙe kan sarkin da yatsu, ka nemi hantsaki mai faɗin baki, domin maiƙon hannu yana ɓata takardar, kuma yana iya shiga sakamakon gwajin.