Jami'a da ci gaba mai ɗorewa: aiki ne ko magana?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa jami'o'i sun sa ci gaba mai ɗorewa da haƙƙin al'umma cikin tsare-tsarensu. Shin aiki ne na gaske, ko dabarar neman tallafi ce? Daga wata ɗaliba a Yamai.

Amsa: Malama, duka biyun suna faruwa. Batun ya kankama a 1990, lokacin da shugabannin wasu jami'o'i suka taru a garin Talwar na Faransa, suka ɗauki alkawarin kula da muhalli a koyarwa da bincike da tafiyar da harabarsu. Ya ƙara ƙarfi a 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da ake son cimmawa nan da 2030. Tun 2019 kuma mujallar Times Higher Education take jera jami'o'i bisa waɗannan muradu, abin da ya sa wasu suke ƙawata takardunsu fiye da aikinsu.

A Nijar zancen ba baƙo ba ne. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi shekaru yana jagorantar ofishin makamashin rana na ƙasa, inda aka ƙera murhu da tukunyar dumama ruwa masu aiki da hasken rana. A yau ma jami'ar tana horar da ɗaliban Afirka ta Yamma kan sauyin yanayi da makamashi ƙarƙashin WASCAL, wani shirin haɗin gwiwar ƙasashen yankin kan binciken sauyin yanayi.

A ganina, inda haƙƙin al'umma ya fi nauyi shi ne tsakanin ɗakin bincike da gona. Manoman jahar Tawa, musamman wajen Illela, sun daɗe suna farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, da ramuka masu siffar rabin wata, suna zuba taki a ramin domin ya riƙe ruwan damina. Jami'ar da ta auna amfanin wannan dabara, ta kuma mayar wa manoman sakamakon da harshensu, ta sauke nauyin da ke kanta; wadda ta bar kundin binciken a ajiye yana shan ƙura kuwa, da sauranta.

Saboda haka, idan kin samu tsarin jami'arku, ki wuce gabatarwa ki nufi kasafin kuɗi. Ki duba nawa aka ware wa ruwa da shara da allunan hasken rana a ɗakunan kwanan ɗalibai, wane ofishi aka ɗora wa alhakin aiwatarwa, kuma ko yana fitar da rahoto kowace shekara.