Dalilin da ya sa ake cewa "se lo" a Sifaniyanci

Malama, kin tambayi abin da ya sa malaminku ya gyara miki "le lo doy" ya mayar da shi "se lo doy" (wato ina ba shi abin), alhali "le" ne wakilin sunan wanda aka yi wa aikin. Gyaran nasa daidai ne.

Idan wakilan suna biyu suka haɗu, na wanda aka yi wa aikin ne ke fara zuwa, sannan na abin da aikin ya faɗa wa, kamar yadda muke cewa "na kawo miki shi". Shi ya sa ake cewa "te lo traigo". Amma duk lokacin da "le" ko "les" ya zo gaban "lo", "la", "los" ko "las" (wakilan sunan abin da aikin ya faɗa wa), dole ya rikiɗe ya zama "se". Asalinsa wata tsohuwar siffa ce ta Sifaniyanci, wato "gelo", saboda haka kada ki ɗauke shi a matsayin "se" mai nufin mutum ya yi wa kansa abu, domin nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa.

Ba a raba su kuma: ko dai "te lo quiero dar" ko "quiero dártelo", wato ina so in ba ki shi. A umarnin da ba na hani ba suna manne wa aikatau, kamar "dámelo", wato ba ni shi.