Amsa ga Baffa na Malam Madori kan kurar gyaran dogo

Baffa, bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu tambayarku game da kurar ƙarfen nan da kuke gani da ƙuruciya a kan dogon Kano zuwa Nguru, ko mu Hausawan Gadarif mun san ta, da kuma dalilin da ya sa danginku na Sudan suke girmama aikinta, alhali a wajenku aikin lebura ne kawai.

Mun san ta ƙwarai, domin dogonmu da naku hannu ɗaya ne ya taɓa su. Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada da ya shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad a 1897, shi ne Turawan Ingila suka ba mulkin Arewacin Nijeriya a 1907, kuma a zamaninsa aka soma dogon Baro wanda ya isa Kano a 1911. Faɗin layin ma iri ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6. Namu reshen ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, naku kuma ya kai Nguru a 1930.

Kurar da ake turawa da hannu ita ce ta fari, katako ne a kan ƙafafun ƙarfe huɗu da birki. Daga baya aka yi mai famfo, wadda mutane suke danna sanda sama da ƙasa, ta yaɗu a Amurka a ƙarni na 19, sannan mai inji ta biyo baya, kuma tun daga 1922 kamfanin Wickham na garin Ware a Ingila ya riƙa ƙera irinta yana aikawa ƙasashe da dama.

Amma dalilin girmamawar yana cikin yadda muka zo ƙasar nan. Wasu daga kakanninmu sun biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, bayan an kashe shi a yaƙin Burmi na 1903 suka ci gaba da tafiya har suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu kuma mahajjata ne da suka taso a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya. Baƙon da ba shi da gona ba shi da dangi, in ya samu shiga ayarin masu gyaran dogo, waɗanda a nan ake kira darisa, to ya samu albashin wata, da ɗaki daga cikin zagayayyun ɗakunan bulo masu tsinin kai da hukuma ta gina a tashoshi, da ruwan sha da jirgi yake saukewa. A gidanmu ana cewa wanda ya riƙe hannun kura ba ya shan wahalar neman aure.

Kakana, ƙanen mahaifinku, yana cikinsu. Yadda yake ba mu labari, mutum biyu ne suke turawa suna gudu a kan doron ƙarfen kansa, kowa da nasa layin, biyu suna zaune suna jiran canji, helima kuma yana gaba da jar tuta yana duban inda layi ya lotsa. In sun isa wurin sai su ɗaga ƙarfen da jak, su cusa tsakuwa a ƙarƙashin katako da diga, su ɗaure noti da doguwar sifana. Da zarar an hango hayaƙin jirgi sai kowa ya kama kusurwa a sauke kurar gefe, kuma wannan ne ya sa ba a yarda a yi mata lodi fiye da kima ba. Aikin ya fi tsanani da damina, lokacin da kwari yakan cika cikin dare ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi, ya bar ƙarfe yana reto. Al'adarmu kuwa ita ce ba a barin 'yan kura su wuce unguwa ba a miƙa musu ruwa da kunu ba, su kuma sukan ɗauki saƙo, wani lokaci har da maras lafiya, duk da cewa doka ba ta so.

A ganina injuna sun rage wahala ƙwarai, sai dai sun rage yawan ma'aikata, wanda shi ne abincin baƙo. Kamfanin Matisa na Suwizalan da aka kafa a 1945, da Plasser & Theurer na Ostiriya da ya biyo a 1953, su suka yaɗa injin da yake ɗaga layi, ya soka yatsun ƙarfe masu karkarwa cikin tsakuwa ya matse ta, aikin da ayari guda yakan wuni yana yi da diga. Masu duba layi a ƙasashe da yawa kuma sun koma ga motar a-kori-kura mai ƙarin ƙafafun ƙarfe, wadda take hawa dogo ta sauka ta bi kwalta. A nan dogo ya daɗe da rauni tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, don haka ku za ku riga mu ganin waɗannan sosai, a sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure, mai reshe zuwa Dutse. In hali ya yi, ku sa yara su ɗauko mana hoton injin yana aiki, domin tsofaffin darisa na unguwarmu suna son gani.