Na daina damuwa da gyaran al'umma, ko ina da laifi?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Ɗorayi. Na daɗe ina rubutu a Facebook kan shugabanni da tsadar rayuwa, ban tsira da komai ba sai ɓacin rai. Wani ya jawo mini ayar "alaikum anfusakum", ya ce in ji da kaina in ƙyale mutane, Kano ta riga ta lalace. Yanzu ko a shagon hatsin da nake aiki, in maigida ya sa a zuba waken da ƙwari suka ci a ƙasan buhu, mai kyau a sama, ɗinkewa nake yi in kama bakina. Ina da laifi?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Barin rubutun Facebook babu laifi a kansa. Malamanmu na Malikiyya, irin su Ibn Rushd da Ƙarafi, sun ce wajibcin hani yana faɗuwa daga kan wanda ba ya zaton maganarsa za ta yi amfani. Ƙila ma ka huta da yaɗa labarin da ba ka tantance ba, da cin naman mutane da sunan kishin talaka.

Amma maganar da ka saƙala a ƙarshe ita ta canza hukuncin. Ka ce kai kake ɗinke buhun. To, wannan ya fita daga babin gyaran al'umma, ya shigo hannunka. Algus haramun ne babu saɓani, kuma mai riƙe da basilla yana da rabonsa na zunubi, ko da ribar maigida ce. Matar da ta sayi buhun don ƙosan sayarwa, ta farke ta tarar da gari da ƙwari a ƙasa, ɗinkinka ne ya rufe mata ido.

Shi kuwa wanda ya karanta maka aya ta 105 ta Suratul Ma'ida, bai kai ƙarshenta ba. Allah cewa ya yi wanda ya ɓata ba zai cutar da ku ba "idan kun shiryu". Magabata irin su Sa'idu bn Musayyib sun fassara shiriyar da cewa har da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna a cikinta. Wannan fahimta ta abokinka tsohuwa ce, tun zamanin Sahabbai aka yi ta, har Sayyidina Abubakar ya hau mumbari ya ce mutane suna karanta ayar nan suna ajiye ta ba a muhallinta ba, ya kawo faɗin Annabi (SAW) cewa idan mutane suka ga azzalumi ba su riƙe hannunsa ba, Allah ya kusa game su da uƙuba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Masu wancan ra'ayi sukan fake da hadisin Abu Sa'alaba, mai cewa idan ka ga ana bin rowa da son zuciya ka ji da kanka. Akwai malaman hadisi da suka raunana shi, kuma ko an karɓe shi, da umarni da hani ya fara. Sannan a ce mun sallama masa, "ji da kanka" ai shi ya fi kama ka, domin hannun da ke ɗinki naka ne. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birnin nan, ta ɗora wajibcin a kan duk wanda hannunsa zai kai. Naka bai kai gidan gwamnati ba, ya kai bakin buhu.

Ka sami maigidanka shi kaɗai, ba a gaban yara ko masu ciniki ba, ka ce masa ka tambaya an ce maka bai halatta ba. Ka ba shi mafita: a ware ɓataccen a sayar da shi da sunansa da farashinsa, masu kiwo za su saya. In ya ƙi, ka janye hannunka daga wannan aikin, ka sa wani dattijo da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Kada ka ɗauki hotonsa ka watsa. Kada kuma ka yi fushi ka bar shagon yau alhali akwai masu ci a hannunka. Ka fara neman wani wurin tukuna, sai fa in an tilasta maka ɗinkin.

Sannan kada ka karɓi maganar cewa Kano ta lalace. A Sahihu Muslim, wanda ya ce mutane sun halaka shi ya fi su halaka. Na kuma ji gajiya a wasiƙarka. Ka rage riƙe waya da dare, ka tsare Asuba a jam'i, ka yi istigfari kan buhunan da suka wuce, wanda ka san mai sayensa kuma ka nemi yafewarsa.

Wallahu a'alam.