An dakatar da ginin masallacinmu: ina mafita?

Tambaya: Lauya, barka da aiki. Mu Hausawa ne 'yan kasuwa a wani ƙauye kusa da Yagoua a arewacin Kamaru, mafi yawan mutanen garin Kirista ne. Mai gari ya ba mu fili da baki, muka soma ginin masallaci. Wasu maƙwabta suka kai ƙara, sufirefe, wato wakilin gwamnati a gundumarmu, ya ce a dakata. Shin doka ta hana mu?

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma, kuma ya tabbatar wa kowa 'yancin ibada. Ƙarancinku a garin bai rage muku komai ba.

Inda nake jin tsoro shi ne filin. Kyautar mai gari abin girmamawa ce, amma ba ta mallaka muku ƙasa. Bisa dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka, wato titir fonsiye, yana ƙarƙashin kulawar gwamnati, kuma ta hannun hukuma ake neman sa. Na sha ganin jama'a sun zuba kuɗin gumi a gini, mai kyautar ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. Abin yana min ciwo ƙwarai. Sannan akwai izinin gini, wanda magajin gari ke bayarwa.

Da sunan wa za a nemi filin? Dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta ce ƙungiyar addini sai da amincewar shugaban ƙasa, kuma samun ta kan ɗauki shekaru. Hanya mafi sauƙi ita ce ku shiga inuwar ƙungiyar da ta riga ta samu izini, kamar ACIC, wato ƙungiyar al'adun Musulunci ta Kamaru.

Ku roƙi sufirefe ya ba ku umarnin a rubuce, da dalilinsa. Kuna da wata 3 ku rubuta wa hukuma ta sake dubawa. In ta ƙi, ko ta yi shiru wata 3, kuna da kwana 60 ku je kotun ƙararrakin gwamnati da ke Maroua.

Ni dai ba zan so ku fara da kotu ba. Ku ɗauki limaminku da dattawa ku zauna da fasto da mai gari. In lasifikar asuba ce damuwarsu, ku sassauta sautin. Kafin takardu su fito, kada a ƙara ko bulo ɗaya.