Hukuncin neman amsar aikin gida na lissafi a intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. Lissafin lambobi zalla ba ya ba ni wahala, amma idan aka kawo tambaya a siffar labari, a ce ɗan kasuwa ya sayi kaya kaza ya sayar da su kaza, nawa ya ci riba, sai kaina ya ɗaure in rasa ta inda zan fara. Saboda haka nakan ɗauki hoton tambayar in tura zaurenmu na WhatsApp ko in ba ChatGPT, in kwafe amsar in miƙa wa malaminmu, kuma makin yana shiga sakamakon ƙarshen zango. Wata ƙawata ta ce haramun nake aikatawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yata, tambayarki ta haɗa abubuwa biyu waɗanda hukuncinsu ya bambanta: neman a fahimtar da ke abin da ya shige miki duhu, da kuma miƙa aikin wani da sunan naki.

Na farkon halal ne, abin so ne ma, domin Allah Maɗaukaki ya ce a cikin Suratun Nahli, aya ta 43: "Ku tambayi ma'abota sani idan kun kasance ba ku sani ba." Babu bambanci tsakanin ki tambayi yayanki a gida, ko malamin da ake biya ya koyar da ke bayan an tashi makaranta, ko ki tambaya ta waya, tunda hanya tana ɗaukar hukuncin abin da ake nufi da ita. Shi kansa lissafi ilimi ne mai daraja a Shari'a. Allah ya ambace shi a Suratu Yunus, aya ta 5, inda ya ce ya sanya wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi, kuma Imamul Gazali ya lissafa shi cikin ilimomin da suke farilla ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi shi ya faɗi a kan sauran, saboda ana bukatarsa a ciniki da wasiyya da rabon gado.

Na biyun kuwa bai halatta ba. Imamu Muslim ya rawaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Annabi ya ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ki dubi littafinki da wannan idon. Amsar da kika kwafo ita ce busasshen abincin da ke sama, rashin fahimtarki shi ne danshin da ke ƙasa, malaminki kuma shi ne mai sayen da aka rufe wa ido. Ya ba ki maki a kan abin da ba ki iya ba, ya ɗaga ki sama da wata da ta kwana tana fama da kanta, sannan ya wuce darasi na gaba yana zaton ajin ya gane. Wanda ya yi miki aikin alhali ya san miƙawa za ki yi, shi ma yana da nasa kason na laifi, kuma kuɗin da aka karɓa a kan haka ba halal ba ne, saboda hanin da ke Suratul Ma'ida, aya ta 2, a kan taimakekeniya wajen saɓo. Amma idan malami da kansa ya yarda a nemi taimako ko a yi aikin a rukuni, sai ki tsaya a iyakar da ya shata, ki kuma gaya masa inda aka taimaka miki.

Ba na so in bar ki da hukunci kawai, domin abin da yake ba ki wahala shi ne ainihin aikin mai rabon gado. Ba a zuwa masa da lambobi a jere, da labari ake zuwa: wane ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, dukiyarsa bayan biyan bashi Naira 240,000. Shi ne zai tsamo lissafin daga cikin maganar, ya ce mata tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, uwa tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, ragowar na ɗa ne. Ya nemi lambar da 8 da 6 za su raba ba saura, ya sami 24, kowane kaso ya kama Naira 10,000. Mata ta ɗauki kaso 3, Naira 30,000, uwa kaso 4, Naira 40,000, ɗa kuma kaso 17, Naira 170,000. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, ya cika babban sashe na littafin da irin waɗannan mas'alolin gado da wasiyya.

A ganina, yawancin yaranmu ba lissafin ne yake kayar da su ba, Turancin da aka lulluɓe shi da shi ne. Don haka ki fara mayar da tambayar Hausa da bakinki, kamar kina ba ƙanwarki labari, ki rubuta abin da aka ba ki a gefe guda da abin da ake nema a ɗaya gefen, sannan ki gwada da kanki ko da za ki yi kuskure. Idan kin maƙale, ki nemi a yi miki bayanin matakin da ya gagare ki, ko a warware miki wata tambaya mai kama da ita, sannan ki ajiye wayar ki yi taki da hannunki. Ki sani kuma manhajoji irin su ChatGPT sukan yi kuskure a lissafi, kuma ba za su shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO tare da ke ba.

Game da abin da ya wuce, ki tuba ki daina, kuma idan za ki iya, ki sami malaminki ki gaya masa gaskiya cewa wannan babin bai zauna miki ba, ki roƙe shi ya sake ba ki wasu tambayoyin ki yi da kanki.

Wallahu a'alamu.