Gurbin da ke ɓullowa a fom, da kuɗina da aka cinye a Sabon Gari

Ka ce: "Oga, idan mutum ya zaɓi 'Eh' sai sabon gurbi ya ɓullo a fom, ta yaya makaho mai amfani da manhajar karanta allo zai san ya fito?" Ajiye wayar nan ka saurare ni, yaro.

Maganar label, wato sunan da ake liƙa wa kowane gurbi, ba zan ɓata yawuna a kanta ba, wanda bai san ta ba ya koma gyaran firinta. Abin da za ka riƙe shi ne: manhajojin karanta allo irin su NVDA da TalkBack ba allo suke kallo ba, jerin HTML, wato rubutun da aka gina shafin da shi, suke bi daga sama zuwa ƙasa. Don haka sabon gurbi ya zauna dab da bayan tambayar da ta haifar da shi. Kafin a buɗe shi, ɓoye shi da alamar hidden, ka kuma kashe shi da disabled. In ka bar required, alamar da ke tilasta cike gurbi, a kan gurbin da ke ɓoye ba tare da ka kashe shi ba, Chrome zai ƙi tura fom ɗin, mai cikewa bai san dalili ba.

Wannan aikin ne ya jawo mini asarar da har yau take ci mini rai. Wani mai makaranta a Sabon Gari ya ba ni aikin fom ɗin ɗaukar malamai. A ciki akwai tambaya: kana da wata larura ta musamman? In ka ce eh, gurbin bayani ya fito. Na yi aikina tsaf, na gwada da NVDA, na miƙa, ya ce cikon kuɗi sai ƙarshen wata. Ashe ɗan ƙanwarsa ya samu, yaron da ya kalli bidiyo a YouTube ya ɗauka ya zama gwani. Wai fom ɗin ba ya burgewa. Ya cire hidden, ya sa opacity, mai dusashe abu a ido kawai, don gurbin ya riƙa fitowa a hankali, ya kuma tura shi can ƙasan maɓallin turawa a jerin HTML, ya jawo shi sama a allo da CSS, abin da ake yi wa shafi ado da shi. Mai ido bai ga aibu ba. Wani malamin Larabci makaho daga Tudun Wada ya zo cikewa, ya ce eh, ya danna Tab don matsawa gurbi na gaba, bai tarar da gurbin ba har ya kai maɓallin turawa, fom ya ƙi tafiya. Gurbin da aka yi dominsa, shi ne ya hana shi neman aiki! Da ƙorafi ya iso, sai mai makarantar ya ce ni na yi aikin algus. Ya riƙe rabin kuɗina, ya bi shagunan unguwar PZ yana ɓata mini suna. Na nuna masa kwafin da na miƙa, ya ce shi bai san wannan ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Ku yaran yanzu ado kawai kuke so, abu ya yi ta shawagi a allo.

Saura uku. In maɓalli ne ke buɗe gurbin, sa masa aria-expanded, alamar da ke gaya wa manhajar ko gurbin a buɗe yake ko a rufe, ka riƙa juya shi tsakanin true da false. In kuwa zaɓin radio ne, irin wanda ake zaɓar amsa ɗaya tak, faɗa wa mai cikewa a cikin tambayar cewa "Eh" zai buɗe gurbi a ƙasa, kuma kada ka fizge shi zuwa gurbin da ƙarfi, domin da kibiyoyi yake yawo tsakanin zaɓuɓɓukan, bai gama jin su ba. Wannan na cikin ƙa'ida ta 3.2.2 ta WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafukan intanet. Shi kuma aria-live, mai sa manhajar ta karanta sabon saƙo da kanta, in dole ne, wurin ya kasance a shafin tun farko kafin ka zuba saƙo, in ba haka ba sau da yawa shiru za ka ji.

NVDA kyauta ce. Gobe ka sauke ta a kwamfutar shago, ka kashe allon, ka cike fom ɗin da kake yi a gabana.